MIT ko Apache 2.0: me sharaɗin haƙƙin ƙirƙira yake karewa a gaskiya?

Sabon Shiga

Assalamu alaikum malamai. Ina neman haske a kan zaɓen lasisi. Akwai wani ƙaramin laburare, wato tarin kod da ake sakawa cikin wasu manhajoji, da ke matse saƙon murya da gajeren bidiyo don su wuce a inda netwok ba shi da ƙarfi, ana shirin ɗora shi a GitHub, shafin da ake ajiye kod a fili, kowa ya ɗauka. Mutum huɗu ne suka rubuta shi, ɗaya daga cikinsu ma'aikacin wani kamfanin sadarwa ne, bayan ya tashi daga aiki yake saka hannu. Yanzu an rabu gida biyu. Wasu sun ce a sa MIT a huta, tunda bai wuce sakin layi uku ba kuma kowa ya san shi. Wasu sun ce sai Apache 2.0, don yana da sharaɗin haƙƙin ƙirƙira (patent), shi kuwa MIT bai ce uffan a kai ba.

Me wannan sharaɗi yake bayarwa takamaimai, kuma wa yake ɗaurewa? Da gaske ne in mutum ya kai ƙara kotu lasisinsa ya mutu? Sannan rigimar da aka yi a 2017 a kan React, laburaren Facebook na gina shafukan intanet, ba irin wannan sharaɗin ne ya jawo ta ba? In shi ne, me ya sa ake yabon na Apache ana kushe na Facebook? Allah Ya saka da alheri.

Barista Hauwa

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Sai an raba abu biyu kafin maganar ta zauna. Haƙƙin mallaka (copyright) rubutun kod ɗin yake karewa, layukan da ka buga da hannunka, kuma da zarar ka rubuta ka same shi. Haƙƙin ƙirƙira kuwa dabarar yake karewa, wato hanyar da aka bi aka warware matsalar. Shi sai an nema a ofishin gwamnati an bayar, kuma yana kai shekara 20 daga ranar da aka shigar da takardar nema. Abin da ya sa yake da haɗari ga mai rubuta manhaja shi ne, ko ba ka taɓa ganin kod ɗin mutum ba, ko da kanka ka gano dabarar, muddin ta faɗa cikin da'awowin da ke rubuce a takardarsa, wato jerin abubuwan da ya ce shi ya ƙirƙiro, ka taka masa haƙƙi. Don haka mutum na iya ba ka kod ɗinsa kyauta, gobe ya dawo ya ce ka biya kuɗin dabarar da ke cikinsa. Wannan ƙofar ce sharaɗin ya zo ya rufe.

A Apache 2.0, wanda ya fito a 2004, maganar tana sashe na 3, kuma kashi biyu ce. Kashin farko kyauta ce. Duk wanda ya ba da gudummawa ya ba ka izini na dindindin, a ko'ina a duniya, ba tare da ka biya ko kwabo ba, ka ƙera, ka yi amfani, ka sayar, ka shigar da shi wata ƙasa. Amma iyakar tana nan a rubuce, kuma a nan ne mutane ke tuntuɓe. Izinin ya tsaya ne a kan da'awowin da shi mai gudummawar yake da ikon bayarwa, kuma waɗanda gudummawarsa ke takawa ba makawa, ko ita kaɗai ko in an haɗa ta da aikin da ya saka ta a ciki. Kamfanin da ya gyara layi goma a sashen adana fayil bai buɗe maka dukan haƙƙoƙinsa ba, na layi goman nan ne kawai da yadda suka haɗu da aikin. Wanda kuma ya kwafi manhajar ya rarraba bai ƙara komai ba, to bai ba ka komai ba.

Kashi na biyu shi ne ramuwa. Idan ka shigar da ƙara a kan kowa, kana cewa wannan aikin ko wata gudummawa da ke cikinsa ta taka haƙƙin ƙirƙirarka, izinin ƙirƙira da aka ba ka a kan wannan aikin ya yanke tun daga ranar da ka shigar da ƙarar. Har da ƙarar martani, wato wani ne ya fara maka ka a kotu kai kuma ka rama da taka da'awar a kan aikin. Lura da abu biyu. Izinin ƙirƙira kaɗai ke yankewa, izinin kwafa da gyara kod yana nan. Kuma dole ƙarar ta kasance a kan wannan aikin, ba a kan wata rigima ta daban ba.

Nan ne na Facebook ya sha bamban. React yana ƙarƙashin BSD a lokacin, wani gajeren lasisi mai kama da MIT, sai aka haɗa masa wani fayil mai suna PATENTS a 2014, aka sake gyara shi a 2015. Abin da fayil ɗin ya ce shi ne, in ka kai Facebook ko wani reshensa ƙarar haƙƙin ƙirƙira, a kan ko mene ne, ka rasa izinin ƙirƙira da ke kan React. A ce kamfaninka ya ƙirƙiro wata na'urar ɗaukar hoto, Facebook ya kwaikwaya, ka kai ƙara, to shafinka da aka gina da React ya zauna ba kariya, alhali React bai shiga rigimar ba ko kaɗan. Na Apache aikin yake karewa, kuma kowa da ke cikin aikin yana cin moriya daidai wa daida. Na Facebook kamfani ɗaya yake karewa. A Yulin 2017 gidauniyar Apache ta saka wannan lasisi a jerin waɗanda ta haramta wa ayyukanta, bayan tambaya ta taso a kan RocksDB, wata manhajar adana bayanai ta Facebook mai irin wannan lasisi. A watan Satumba Matt Mullenweg, jagoran WordPress, manhajar gina shafukan intanet, ya sanar cewa WordPress za ta bar React. Ran 22 ga watan Facebook ya ce zai mayar da React, Jest, Flow da Immutable.js zuwa MIT, kuma React 16 ya fito da sabon lasisin ran 26.

Wani abu da ba a cika faɗa ba: komawa MIT ta cire barazanar, amma ta cire rubutaccen izinin ma. Mutane sun gwammace shiru da izini mai igiya a wuya. Ni dai ga laburaren da ke taɓa matse sauti da bidiyo, inda haƙƙoƙin ƙirƙira suka fi yawa, Apache 2.0 nake ba da shawara.

Injiniya Bala

Barista, bayanin sashe na 3 ya fita, ba ni da ja. Amma ban yarda a miƙa musu Apache 2.0 zalla ba tare da an gaya musu abin da za su rasa ba.

Matsalar ita ce GPLv2, sigar 2 ta lasisin GPL, wanda ke tilasta a rarraba duk abin da aka haɗa da kod ɗinsa ƙarƙashin GPL ɗin. Sashe na 6 nata ya hana a ɗora wa mai karɓa wani ƙarin takunkumi, kuma gidauniyar FSF, wadda ta fitar da GPL, tana ɗaukar sharaɗin yankewar nan na Apache a matsayin ƙarin takunkumi. Sakamakon haka kod ɗin Apache 2.0 ba ya shiga aikin da ke kan GPLv2 kaɗai, kuma babban misali shi ne ƙwayar Linux kanta. Da GPLv3 ta 2007 an daidaita, amma hanya ɗaya ce: na Apache na shiga aikin GPLv3, na GPLv3 ba ya shiga aikin Apache. Aikin da ya rubuta cewa sigar 2 ko wadda ta biyo baya, yana iya ɗauka, da sharaɗin abin da aka haɗa ya koma sigar 3. Mutanen OpenBSD, wani tsarin sarrafa kwamfuta irin Linux, kuma sun ƙi lasisin Apache 2.0 tun farko, sun zauna a kan tsohuwar sigar 1.3 ta sabar Apache shekaru, daga baya suka rubuta tasu. Laburare amfaninsa a saka shi cikin kayan wasu, duk ƙofar da lasisi ya rufe asara ce.

Manyan ayyuka sun ga wannan, kuma hanyoyi uku suka bi. LLVM, kayan aikin fassara kod zuwa harshen na'ura, da ta koma Apache 2.0 a 2019 ta ƙara togaciya, cewa in an haɗa da kod ɗin GPLv2 kuma kotu ta ce sashe na 3 ko na 9 na Apache ya ci karo da GPLv2, ana iya ɗaukar sashen kamar an yafe shi a kan wannan haɗin. Rust, wani harshen rubuta manhaja, da galibin laburarorinta suna ba da lasisi biyu, MIT ko Apache 2.0, mai ɗauka ya zaɓa. Akwai kuma BSD-2-Clause-Patent, gajere ne kamar BSD, yana da rubutaccen izinin ƙirƙira amma babu ramuwa a cikinsa, shi EDK II, aikin manhajar tayar da kwamfuta, ke amfani da shi.

Ga ƙaramin laburare ni hanyar Rust nake gani. Fayil biyu, LICENSE-MIT da LICENSE-APACHE, sannan a saman kowane fayil na kod a rubuta SPDX-License-Identifier: MIT OR Apache-2.0. A kula da kalmar tsakiya. In aka rubuta AND a maimakon OR, an ce wa mutum dole ya cika sharuɗɗan duka biyun, an dawo da matsalar da ake gudu. Sannan a README a rubuta ƙarara cewa duk gudummawar da aka turo tana shigowa ne ƙarƙashin lasisin biyu, in ba haka ba wata rana za a sami fayil ɗaya da mai shi ya ce MIT kaɗai ya yarda da shi.

Kuma MIT ba fanko ba ne kamar yadda ake nunawa. Ya ce ka yi mu'amala da manhajar ba tare da takunkumi ba, ya ambaci amfani, ya ambaci sayarwa. Amfani da sayarwa su ne ainihin abin da haƙƙin ƙirƙira ke hanawa. Lauyoyi da dama na ganin wanda ya ce maka yi amfani ka sayar, ba zai dawo ya hana ka da wata takardar daban ba.

Sabon Shiga

Na gode Barista, na gode Injiniya. To ke nan in an sa Apache 2.0, ko shi kaɗai ko tare da MIT, an tsira daga ƙara? Laburaren yana kiran FFmpeg, manhajar sarrafa sauti da bidiyo, kuma ana tunanin haɗa x264, injin matse bidiyo zuwa tsarin H.264, a ciki don bidiyon ya buɗe a kowace waya. Sannan mu a Kano muke, dokar Amurka ta shafe mu?

Malam Ilu

A'a ɗan'uwa, ba a tsira ba, kuma wannan tambayar taka ta biyu ta fi ta farko nauyi. Lasisi yarjejeniya ce tsakanin waɗanda suka taɓa kod ɗin. Wanda bai taɓa saka layi ko ɗaya ba, lasisinku bai ɗaure shi da komai ba, kuma yawancin ƙararrakin daga irinsu suke fitowa. Dubi abin da ya sami gidauniyar GNOME a 2019. Wani kamfani mai suna Rothschild Patent Imaging ya maka ta a kotu a Amurka a kan Shotwell, manhajar tsara hotuna. Kamfanin ba ya cikin masu gudummawa, ba ya kuma amfani da manhajar balle a tsorata shi da yanke izini. Sharaɗin ramuwa yana cizon mai ƙera kaya ne, wanda yake buƙatar kod ɗinka. Wanda sana'arsa sayen takardun haƙƙi da aika wasiƙar neman kuɗi ba shi da abin da za a ƙwace. GNOME ta tara gudummawar jama'a ta tsaya, aka sasanta a Mayun 2020 ba ta biya shi komai ba, amma tsayuwarta ce ta cece ta, ba lasisin ba.

Yanzu ga x264. Abu biyu ne suka haɗu a kansa. Na farko, GPL ne, sigar 2 ko ta gaba, kuma in an gina FFmpeg da shi ta hanyar --enable-gpl da --enable-libx264, ginin gaba ɗaya ya tashi daga LGPL, lasisin FFmpeg mai sassauci, ya koma GPL. Ka rarraba wannan haɗe da laburarenka, zancen MIT ko Apache ya zama na fayilolinka kaɗai, abin da ka miƙa wa mutane GPL ne. Na biyu, H.264 kansa yana ƙarƙashin tarin haƙƙoƙin kamfanoni da yawa, waɗanda MPEG LA ke karɓar kuɗinsu, yanzu kuma Via LA. Marubutan x264 ba su ne masu waɗannan haƙƙoƙi ba, ba za su ba ka abin da ba nasu ba. Da yawa daga cikin haƙƙoƙin sun riga sun ƙare, amma ƙarewar ƙasa ƙasa ce, takarda takarda ce.

Misalin da ya fi nuna bambancin lasisin kod da haƙƙin ƙirƙira shi ne OpenH264 na kamfanin Cisco, na 2013. Kod ɗin BSD ne, kowa na iya ɗauka. Amma kuɗin haƙƙin da Cisco ke biya ya rufe ginannen fayil ɗin da aka sauke kai tsaye daga sabarta ne kaɗai. Ka ɗauki kod ɗin ka gina da kanka ka rarraba, kariyar ba ta bi ka ba. Shi ya sa Firefox ke sauke shi daga Cisco bayan an girka, maimakon ta zo da shi a cikinta. Fedora ma, ɗaya daga cikin nau'o'in Linux, a 2022 ta kashe tallafin H.264 da H.265 na katin hoto a ginin Mesa ɗinta, manhajar sarrafa katin hoton, saboda wannan fargabar.

Hanya mafi sauƙi ita ce kada ku rarraba injin matsewar ko kaɗan. A Android ku kira MediaCodec, a iPhone ku kira VideoToolbox, wato ku yi amfani da wanda ya zo da wayar. Ga murya ku ɗauki Opus, tsarin matse sauti da ba a biyan kuɗinsa. In ana son bidiyo ba tare da H.264 ba, akwai VP9 da AV1, waɗanda masu su suka ba da izini ba biya. Ko su ma ba a bar su sun huta ba, don kamfanin Sisvel mai karɓar kuɗin haƙƙoƙi ya fito a 2019 yana cewa yana da tarin haƙƙoƙi a kansu daga kamfanonin da ba sa cikin waɗanda suka ba da izinin.

Batun Kano kuwa, haƙƙin ƙirƙira na ƙasa ne. Takardar Amurka ba ta aiki a Najeriya, sai mai ita ya yi rajista a nan ƙarƙashin dokar 1970. Ofishin rajistar Najeriya cikar takardu yake dubawa, ba ya binciken ko dabarar sabuwa ce, kuma dokar ta ce ba a lamunce ingancin abin da aka bayar ba, kotu ce ke tantancewa in rigima ta taso. Nijar, Kamaru da Cadi suna cikin OAPI, ƙungiyar rajistar haƙƙoƙi ta ƙasashen Afirka mai hedikwata a Yawunde, inda rajista ɗaya ke rufe ƙasashen ƙungiyar duka. Gana da Sudan suna cikin ARIPO, wata ƙungiyar rajistar ta daban. Amma da zarar manhajar da aka gina da laburarenku ta hau Play Store ana sauke ta a Amurka ko Jamus, dokar can ta hau kan wanda ya rarraba. Ko ba a taɓa ku ba, kamfanin waje da zai so ɗaukar laburaren lauyansa zai duba wannan kafin komai.

Barista Hauwa

Malam Ilu ya taɓo inda ya fi ciwo. Injiniya, lasisi biyu hanya ce mai kyau, amma a san abin da aka sarayar. Wanda ya zaɓi MIT ya fita daga sharaɗin ramuwa gaba ɗaya. Kamfani zai iya ɗaukar laburaren ta ƙofar MIT, ya kai masu amfani da shi ƙara, ba abin da ya yanke masa a rubuce. Abin da ya rage shi ne izinin da masu gudummawa suka bayar ta ɓangaren Apache, wanda mai so zai riƙe. In burinsu yaɗuwa ne, na yarda da kai. In burinsu garkuwa ne, Apache shi kaɗai ya fi.

Maganar cewa MIT na ɗauke da izini a fakaice, hujja ce da lauya zai tsaya ya kare a gaban alƙali, kuma ƙarfinta ya danganta da ƙasar da ake shari'ar. BSD ma ya fi rauni a nan, don rarrabawa da amfani kawai ya ambata, bai ambaci sayarwa ba. Kuma akwai waɗanda suka toshe hujjar da gangan. BSD-3-Clause-Clear ya rubuta cewa bai ba da izinin ƙirƙira ba, a fili ko a fakaice. CC0 ma, takardar sallama wa jama'a haƙƙin mallaka, a sashe na 4 ya ce bai taɓa haƙƙin ƙirƙira ba, dalilin da ya sa Fedora ta daina karɓar sa ga kod a 2022. Ku duba ko akwai irin waɗannan a cikin laburarorin da kuka dogara da su, har da na ƙarƙashinsu.

Ramuwar ma ba iri ɗaya ba ce. MPL 2.0, lasisin Mozilla, a sashe na 5.2 ta cire ƙarar martani daga abin da ke yanke izini, wato mai kare kansa bai rasa komai ba, amma wanda ya fara kai hari ya rasa duka biyun, na ƙirƙira da na kwafa. GPLv3 kuma izinin da ke sashe na 11 ya fi na Apache faɗi, domin ya rufe dukan sigar da mai gudummawar ya fitar, ba layukansa kaɗai ba.

Abin da ya fi gaggawa a wajenku shi ne abokin nan naku ma'aikacin kamfanin sadarwa. Sashe na 3 ya ce da'awowin da mai gudummawa ke da ikon bayarwa. In kamfaninsa ne ke riƙe da haƙƙi a kan wata dabarar matse murya, shi kuma ya turo kod da sunansa, bai ba ku izinin kamfanin ba, don ba nasa ba ne. Ƙari a kan haka, takardar ɗaukar aiki sau da yawa tana cewa abin da ma'aikaci ya ƙirƙira a fagen aikin kamfani na kamfani ne, ko a gida ya yi shi. Ya karanta takardarsa, ya samo rubutacciyar amincewa daga wanda ke da ikon sa hannu a kamfanin, kafin a ɗora komai a fili. Sa hannun da git commit -s ke ƙarawa shaida ce cewa mutum yana da ikon turo kod ɗin, ba ya ɗaure kamfanin da bai sa hannu ba. Don irin wannan ne gidauniyar Apache ke da takardar yarjejeniya ta daban wadda kamfani ke cikewa da sunansa.

Ku yanke shawarar lasisin yanzu da kuke mutum huɗu. Sauya shi daga baya yana buƙatar yardar duk wanda ya taɓa turo kod, ko a cire nasa a sake rubutawa. OpenSSL, laburaren ɓoye bayanai, ta fara neman wannan yarda a 2017, sigar farko da ta fito ƙarƙashin Apache 2.0 ita ce 3.0, a Satumban 2021.